Daga Haraji zuwa Madatsar Challawa: Yadda Aikin Shugabannin Kano Ya Iso Karaye da Rogo

Karaye da Rogo ƙananan hukumomi biyu ne da ke yammacin Jihar Kano, ta wajen da iyakar jihar ta kusanci Katsina da Kaduna, kuma su biyun ne suka haɗu suka zama mazaɓa ɗaya ta Majalisar Wakilai ta Tarayya, kamar yadda su ne ƙasar Masarautar Karaye bisa tsarin da aka yi a 2024. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya, ta dawa da masara da gyaɗa da rake, wadda mafi yawan mutanenta ba su taɓa shiga ofishin minista ba. Littattafan tarihi sun saba auna shugaba da muƙaman da ya riƙe da ƙasashen da ya ziyarta, amma manomin Rogo yana da nasa ma'aunin, wato abin da aka daina karɓa daga hannunsa da abin da aka kawo masa har ƙofar gida, kuma da wannan ma'auni ne ya fi dacewa a dubi wasu daga cikin manyan mutanen da Kano ta ba Najeriya.

Abu na farko da talakan karkara ya sani game da hukuma a zamanin Turawa da shekarun farko na 'yancin kai shi ne haraji da jangali. Haraji kuɗi ne da ake ɗora wa kowane baligi namiji a shekara, jangali kuwa kuɗi ne da ake biya a kan kowane kan saniya, kuma En'e ce ke karɓar su, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa. Lokacin karɓa yakan faɗo ne da kaka, daidai sa'ad da amfanin gona ya fi araha, don haka magidanci yakan kai gyaɗarsa ko audugarsa kan sikeli ya sayar a farashin da ya samu, ya karɓo 'yar takardar shaida ya naɗe ta a cikin hula ko aljihun riga, domin wanda aka tare a hanyar kasuwa babu ita yana iya kwana a hannun dogarai. Makiyayi kuma yakan kora wani sashe na garkensa cikin daji idan ya ji masu ƙidaya sun doso ruga. Tun da kotun alƙali da gidan yari da 'yan doka duk a hannun En'e suke, wanda aka zalunta wajen karɓar haraji ba shi da inda zai kai kuka sai wurin waɗanda suka aiko a karɓa.

Wannan tsari ne Malam Aminu Kano ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙa. An haife shi a 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, a gidan malamai da alƙalai, ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a makarantar Midil ta Bauchi, sannan ya je Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1946. Yana malami a Kwalejin Horon Malamai ta Maru ne aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, wadda jama'a suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba, kuma a cikin wannan shekara ya ajiye aikin gwamnati mai albashi da fansho ya rungumi siyasar da ba ta da tabbas, har ya zama shugaban jam'iyyar a 1953. Kalmar sawaba a bakinsu tana nufin samun sauƙi daga ƙunci, kuma ƙuncin da suke nufi shi ne aikin tilas da haraji marar ƙa'ida da shari'ar son rai. 'Yan NEPU na ƙauyuka su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu, domin a can ne ake ɗaure mutum ko a yi masa bulala saboda ya halarci lacca, ba tare da labarin ya isa jarida ba. Malam ya shiga Majalisar Wakilai a 1959, ya zama Kwamishinan Sadarwa na Tarayya a 1967 a gwamnatin Janar Yakubu Gowon, daga baya ya koma ma'aikatar lafiya, amma waɗannan muƙamai ba su ne suka ɗaukaka shi ba. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne ya sa talaka ya yarda cewa yana da ikon ya ce a'a, ya kuma nace, tare da irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, a kan cewa mace ma tana da ƙuri'a, abin da matan Arewa ba su samu ba sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, a gidansa na Gwammaja, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero da ake kira Mambayya.

Wanda ya zartar da burin soke harajin ɗalibinsa ne a siyasa, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, mutumin ƙasar Sumaila, wanda ya zama gwamnan Kano a 1979 ƙarƙashin jam'iyyar PRP ta Malam Aminu. Da hawansa ya soke haraji da jangali a faɗin jihar, ya kuma kafa hukumar ilimin manya a 1980, wadda ta kai azuzuwan yaƙi da jahilci cikin ƙauyuka har ta samu lambar yabo ta UNESCO. Gaskiya ne cewa jam'iyyar ta rabe gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, kuma malami da ɗalibi sun ɓata, sai dai wannan rikici bai dawo da mai karɓar jangali ruga ba.

Kafin zamanin Rimi kuwa, Janar Murtala Ramat Muhammad, wanda aka haifa a 1938, ya yi mulkin ƙasa ne na kimanin watanni shida kacal, daga ƙarshen Yulin 1975 zuwa ranar 13 ga Fabrairu, 1976 da aka kashe shi a Legas, amma a wannan ɗan taƙi ya mayar da jihohi 19 daga 12, ya yanke shawarar mayar da babban birni Abuja, ya kuma sa ranar miƙa mulki ga farar hula. Korar dubban ma'aikata da aka yi a zamaninsa cikin gaggawa ta haɗa da masu laifi da marasa laifi, kuma ta bar wa aikin gwamnati tabon da ya daɗe bai warke ba. Abin da ya fi shafar mutumin karkara cikin ayyukansa shi ne Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, wato ofishin da ɗan ƙasa zai kai ƙarar ma'aikacin hukuma kyauta, ba lauya ba kuɗin kotu, sai kuma gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da aka kammala bayan rasuwarsa, wanda ya rufe babin En'e.

Mutumin da aka fara damƙa wa wannan hukuma ta koke-koke shi ne Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda aka haifa a 1929, ya fara da koyarwa, ya zama Ministan Ma'adinai da Lantarki daga 1959 zuwa 1966, sannan ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1981, inda ya shugabanci kwamitin musamman na yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Ɗanmasani ya rasu a Alƙahira a watan Yulin 2017.

Aikin da ido ke iya gani a ƙasar Karaye kuwa asalinsa yana komawa ga Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. Ya fahimci cewa jihar da damina ke ɗaukar watanni huɗu zuwa biyar a cikinta ba za ta ciyar da kanta ba sai ta tare ruwan da ke wucewa, don haka ya duƙufa wajen gina madatsai, wato manyan ganuwoyin ƙasa da dutse da ake yi a tsakiyar kogi domin ruwa ya taru a bayansu. Bagauda da Tiga su ne suka fi shahara, kuma daga Tiga ne ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura, inda shinkafa da tumatir da alkama suka canza arzikin yankin. An sauke shi tare da sauran gwamnonin Gowon a 1975, ya rasu a 1980, amma tsarin da ya shimfiɗa ya ci gaba, har aka kammala madatsar Challawa a ƙasar Karaye a 1992. Madatsar ta kawo kamun kifi da noman rani a gefenta, tana kuma sakin ruwan da matatun birnin Kano ke tacewa, sai dai ta tashi ƙauyuka daga mazauninsu na kaka da kakanni, ta cinye gonaki da makiyaya, kuma ita da Tiga sun rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita. Har yau akwai garuruwa a Karaye da Rogo da ke da ɗan taƙin tafiya daga wannan tafki, waɗanda matansu da yaransu ke ɗebo ruwan sha daga rijiya da rafi.