Alkawari da bincike

A zamanin sarki Tanimun, maƙeran Damagaram sun ƙera igwa a birnin Zinder. Babu baƙon da ya zo ya ƙidaya su. Yau ba haka ba ne, domin akwai makami mai iya rushe birni gaba ɗaya, wato bom na nukiliya. Ana yinsa da yuraniyom, irin wanda aka soma haƙowa a Arlit a 1971.

A 1992 Nijar ta shiga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya. Amma alkawari kaɗai bai isa ba, sai da bincike. Wannan aikin hukumar AIEA ne, mai mazauni a birnin Viyana. Ƙasar da ta sayar da yuraniyom tana faɗa mata nauyinsa da inda ya tafi. Masu bincike suna gwada lissafin mai sayarwa da na mai saye.

A 2003 aka nuna takardu, wai Nijar ta yarda ta sayar wa Iraki yuraniyom. Hukumar ta duba, ta gano na jabu ne. Bincike ya wanke Nijar.

Tambayoyi
1. Ina ake haƙo yuraniyom a Nijar?
2. Don me alkawari kaɗai bai isa ba?