Tambayar Ilektirolisis a WAEC: Yadda Za Ka Warware Ta Ba Tare da Hadda Ba

Ƙanwata na shirin zana WAEC bana. Kwanan baya ta zo min da wata tsohuwar takardar kemistiri, ta ce ta haddace abin da ke fitowa idan an ratsa gishiri da lantarki, amma duk lokacin da ta duba amsa sai ta ga ta faɗi. Ni ma haka na yi fama a makaranta. Sai bayan na fara rubuta manhaja na gane cewa tambayar ba ta hadda ba ce. Sharuɗɗa ne guda uku, kamar yadda muke gaya wa kwamfuta "idan kaza ne, yi kaza".

Ilektirolisis shi ne raba sinadari ta hanyar ratsa shi da wutar lantarki. Ana tsoma sanduna biyu a ciki. Wanda ke haɗe da gefen batir mai alamar ragi shi ne katod, ayon masu caji na tarawa irin su Na⁺, H⁺ da Cu²⁺ can suke zuwa su karɓi ilektron. Ɗayan kuma anod, can ne Cl⁻ da OH⁻ ke zuwa su ajiye nasu.

Abu na farko da za ka nema a cikin tambayar: an narkar da sinadarin da zafin wuta ne, ko a ruwa aka jiƙa shi? Nan ƙanwata ta faɗi. Idan gishiri, wato NaCl, narkakke ne da wuta, ayon biyu kaɗai ke nan, don haka sodiyam zai fito a katod, iskar kulorin a anod. Amma da zarar an ambaci ruwa, ruwan ya kawo nasa H⁺ da OH⁻, sun zama huɗu, sai takara ta tashi. A katod, wanda ya fi ƙasa a jerin ƙarfin ƙarafa shi ke cin nasara. Sodiyam na can sama da haidirojin, saboda haka iskar haidirojin ce za ta fita, sodiyam ya zauna a ruwa. Jan ƙarfe kuwa yana ƙasa da haidirojin, shi ya sa a ruwan CuSO₄ jan ƙarfen ne ke manne wa katod.

Na biyu shi ne kauri. Idan ruwan gishirin tsinkakke ne, OH⁻ ke sallama ilektron, oksijin ya fita. Idan mai kauri ne, kulorin ke fita, NaOH ya rage a ruwan. Ka lura, wannan sharaɗin ya fi shafar anod. Duk kaurin gishiri, ba za ka samu sodiyam a kan katod na kabon ba.

Na uku, da me aka yi sandunan? Kabon da filatinam ba sa shiga harkar. A ruwan CuSO₄ da irin waɗannan sanduna, oksijin zai fita a anod, shuɗin ruwan ya riƙa dusashewa, ruwan kuma ya koma asid. Amma idan sandunan na jan ƙarfe ne, babu iskar da za ta fita. Anod ɗin ne zai riƙa narkewa yana raguwa, katod na ƙara nauyi, launin ruwan bai canza ba. Masu jarrabawa na son tambayar launin nan ƙwarai. Da wannan hanyar ake tace jan ƙarfen da ke cikin wayar cajarka, domin ɗan datti kaɗan na rage masa saurin ɗaukar wuta.

Akwai wani tarko da ya fi kama mu masu hulɗa da batura. A batirin da ke ba da wuta, katod shi ne gefen tarawa, akasin abin da na faɗa a sama. Don haka kada ka riƙe alamar, ka riƙe aikin: katod shi ne inda ake karɓar ilektron, a kowane hali.

Sai lissafi, wanda ya samo asali daga dokokin da Michael Faraday na Ingila ya fitar a shekarun 1830. Yawan caji shi ne ƙarfin wuta sau lokaci, Q = It, kuma lokacin dole a daƙiƙa. Mol ɗaya na ilektron kulom 96,500 ne. Misali, an ratsa ruwan CuSO₄ da amfiya 2 na minti 30. Minti 30 daƙiƙa 1,800 ne, cajin ya zama kulom 3,600. Cu²⁺ na buƙatar ilektron biyu, wato kulom 193,000 kafin a samu giram 64 na jan ƙarfe. Ka ninka 64 da 3,600, ka raba da 193,000, za ka samu giram 1.19. Wurare biyu ake zubar da maki a nan: barin lokaci a minti, da manta biyun nan ta Cu²⁺. Azurfa, Ag⁺, ɗaya take buƙata, alminiyam kuma uku. Rubuta rabin lissafin sinadarin tukuna, Cu²⁺ + 2e⁻ → Cu, lambar za ta fito da kanta, kuma shi ma layin yakan zo da makinsa.

Kulom ɗin ne ya ƙi zama a kan ƙanwata, sai na ɗauko fawa bank ɗina. An rubuta 10,000mAh a jikinsa, wato amfiya 10 na awa ɗaya. Na ce ta mayar da awar daƙiƙa. Ta samu kulom 36,000, ninki goma na misalinmu. A takarda, cajin nan zai tara jan ƙarfe kusan giram 12. Daga nan na ba ta irin tambayar da azurfa mai nauyin 108, ta fitar da giram 4.03 a kan kulom 3,600, ban sa mata baki ba.