Wiwi da Sitiyari: Rabin Labarin da Bai Iso Tasha Ba

Ranar Talata, tun kafin rana ta ɗaga, hanyoyin da suka nufi kasuwar Mafara sun cika. Mutanen Ruwan Gizo sun hau kabu-kabu, na Bakura da Maradun sun cika Golf da kanta, ga buhunan shinkafa da albasa da kwandunan tumatir na noman Bakolori an ɗaure a baya. Mai goyo, ɗalibin Kwalejin Abdu Gusau, dattijon da zai sayar da rago, duk wanda ya hau ya damƙa ransa, bayan ikon Allah, a hannun mutum ɗaya: wanda yake riƙe da sitiyari ko kan babur. Shi ya sa abin da ke cikin kan wannan mutumin ya shafi kowa.

A 'yan shekarun nan akwai wata magana da ta shigo tashoshinmu da teburan mai shayi. Da zarar an yi wa matashi faɗa a kan zuƙar wiwi, sai ya zaro waya ya ce, "Haba Baba, ai Turawa ma sun halatta ta, magani ce." Labarin ya gani a Facebook ko TikTok, ko ya tsinci kanunsa a rediyo. Abin da ya gani ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, amma rabi ne, kuma rabin da aka yanke shi ne wanda ya shafi mai tuƙi.

Me aka halatta, kuma a ina?

Ƙasar Yurugwai ce ta fara, a 2013. Kanada ta biyo baya ranar 17 ga Oktoba, 2018, Jamus kuma ranar 1 ga Afrilu, 2024. A Amurka, jihohin Kolorado da Washinton ne suka buɗe ƙofa da ƙuri'ar jama'a a 2012, yanzu jihohi sama da 20 sun bi sahu, duk da cewa dokar tarayyar ƙasar ba ta amince da sha don nishaɗi ba. A nahiyarmu, kotun tsarin mulki ta Afirka ta Kudu ta yanke hukunci a 2018 cewa ba za a hukunta baligi don ya sha a keɓe ba. Lesoto a 2017 da Maroko a 2021 sun ba da izinin noma ne don haɗa magani da aikin masana'antu. Gana ta amince da nau'in da sinadarin mayensa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, wanda ko an zuƙa ba ya bugarwa.

Dubi yadda abubuwan suka bambanta. Wata ƙasa ta bar baligi ya sha, wata ta bar likita ya rubuta, wata ta bar manomi mai lasisi ya shuka don zare da mai, wata ta daina ɗaure mai sha kawai. Amma idan labarin ya zo kanun jarida da Hausa, duk sai a dunƙule su a kalma ɗaya: an halatta. Kalmar kuwa tana da nauyi a kunnen Bahaushe, domin daga halal ta fito. Majalisar dokoki tana iya ɗage hukuncin kotu, amma ba ta da ikon mayar da abu halal, kuma ba ta da ikon cire maye daga ganye.

Akwai kuma labaran da ba su yi farin jini a waya ba. Tailan ta cire wiwi daga jerin haramtattun ƙwayoyi a Yunin 2022, shaguna suka cika tituna, duniya ta ɗauka. A Yunin 2025 ta ja da baya, ta ce sai da takardar likita. Nawa ne cikin masu yaɗa labarin farko suka yaɗa na biyu? Haka nan a Disambar 2020, da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukuni mafi tsanani na yarjejeniyar 1961, wasu sun yi ta yayata cewa duniya ta halatta. Alhali an bar ta a cikin jerin abubuwan da ake sa wa ido sosai. Ƙofar binciken magani kawai aka sassauta.

Rabin da aka yanke

Babu ƙasa ko ɗaya cikin waɗannan da ta yarda mutum ya zuƙa ya hau mota. Hasali ma, lokacin da suka sassauta wa mai sha ne suka tsara wa mai tuƙi iyaka. A shekarar da Kanada ta halatta, a shekarar ta yi dokar da ta bai wa 'yan sanda damar gwada yawun direba a bakin titi, ta kuma ƙayyade yawan sinadarin maye na wiwi, wato THC, da za a samu a jininsa. Wanda ya kashe mutum yana tuƙi cikin maye a can zai iya fuskantar ɗaurin rai da rai. Jamus ta kafa nata ma'aunin a Agustan 2024: wanda ya wuce shi zai biya tarar Yuro 500 kuma a hana shi tuƙi wata guda. Sabon direba da wanda bai kai shekara 21 ba, ko kaɗan ba a yarda su taɓa ta su tuƙa ba.

Suna da dalili. Wata cibiyar bincike ta kamfanonin inshorar motoci a Amurka, IIHS, ta duba jihohi biyar da suka halatta, ta bayar da sakamako a 2022 cewa haɗurran da ake jin rauni sun ƙaru da kusan kashi 6 cikin 100. Wannan fa a ƙasar da ke da faffaɗan tituna, da fitilu, da motar ɗaukar marasa lafiya da ke isowa cikin mintuna. Sai ka kwatanta da hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ta Mayanci da Mafara da Lambar Bakura da Tureta, inda tirela da babur da garken shanu da amalanke suke raba kwalta ɗaya.

A nan gida kuwa babu abin da aka halatta. Tun 1966 Najeriya take da doka ta musamman a kan wiwi, wadda da farko har hukuncin kisa ta tanadar wa mai noma ta, kafin a sassauta a 1975. An kafa hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 1989. Gaskiya ne marigayi Rotimi Akeredolu, tsohon gwamnan Ondo, ya yi kira a 2019 da a bari a noma ta don magani da kuɗin shiga, kuma an kai ƙudurori Majalisar Wakilai, amma babu wanda ya zama doka. Shugaban NDLEA, Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, ya sha bayyana adawarsa da halatta shanta. Nomawa, sayarwa, ɗauka da sha duk laifi ne mai kai mutum gidan yari. A Zamfara ma abin ninki biyu ne, jihar da ta fara aiwatar da shari'ar Musulunci a Janairun 2000, a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura. Malamanmu ba su da saɓani a kan haramcin abin da ke gusar da hankali.

Duk da haka matsalar tana nan. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi ce. Wani ɓangare na waɗannan mutanen yana tuƙa mota, babur ko adaidaita sahu.

Abin da take yi wa mai tuƙi

Hayaƙin yana shiga huhu, sinadarin ya bi jini ya isa ƙwaƙwalwa cikin mintuna kaɗan. Mayen yakan kai ƙololuwa wajen rabin awa, ya ɗauki awa biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye. Idan a abinci ko shayi aka dafa ta, takan yi jinkirin kamawa, har mutum ya ɗauka ba ta yi ba ya hau mota, sai ta cim masa a tsakiyar hanya, kuma ta fi daɗewa a jiki.

Mai sha yakan ce ita ke sa shi natsuwa. Abin da yake kira natsuwa shi ne jinkiri. Ido ya ga haɗari, saƙo ya makara kafin ya kai ƙafa. Lissafi ne mai sauƙi: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Idan direba ya makara da rabin daƙiƙa wajen taka birki, motar ta ƙara mita 14, tsawon Golf uku da ɗoriya. Yaron da ya biyo akuya ya tsallako titi a cikin wannan tazarar yake.

Tana kuma ɓata awon nisa da lokaci. Direba zai hango tirela tana tahowa, ya ga kamar da saura, ya fita zai wuce motar gabansa. Tana raunana iya raba hankali, alhali tuƙi a hanyoyinmu aikin ido goma ne: rami, madubi, babur a gefe, shingen jami'an tsaro, fasinja yana magana. Ga mai babur abin ya fi muni, domin daidaita jiki shi ne rayuwarsa, kuma mai goyon da ke bayansa ba ta da hular kwano.

Nazarce-nazarce sun sha bamban a kan yawan ƙarin haɗarin, wasu sun ce kaɗan ne, wasu sun ce ya kusa ninki biyu, amma manyansu sun haɗu a kan cewa ƙari ne. Masana lafiya a Kanada, inda doka ta yarda a sha, suna cewa wanda ya zuƙa ya jira aƙalla awa shida kafin ya tuƙa. Wane ɗan kabu-kabu ne zai ajiye babur awa shida ranar kasuwa?

Sannan a tasha ba kasafai ake shan ta ita kaɗai ba. Ana haɗawa da tiramol don kashe gajiya, ko kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi tun 2018, ko gadagin da ba a san abin da aka zuba ba. Kowane yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Ga kuma wadda ake kira Kolorado ko kolos, da ta ari sunan jihar Amurka don ta yi kasuwa. Sau da yawa ganye ne da aka fesa wa sinadaran haɗi, tana iya sa shiɗewa ko gushewar hankali nan take.

Adalci ya sa a faɗi wannan ma: ba kowane haɗari ne na maye ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana nuna gudun wuce kima a matsayin kan gaba, ga tsofaffin tayoyi, ga lodi fiye da kima, ga lalacewar hanya. A yankinmu tsoron 'yan bindiga ma yana sa direba ya taka mota don ya isa kafin magariba. Mafi yawan direbobinmu magidanta ne masu neman halali. To amma hanyar da ta riga ta tara waɗannan fitinu ita ce ta fi buƙatar direba mai cikakken hankali.

Abin da ya rage namu

Fasinja, kana da haƙƙi. Idan ka ji warin hayaƙin a jikin direba, ko ka ga yana jan magana, yana dariya ba dalili, motar tana tangaɗi tsakanin hannu da hannu, ka yi magana. Jan ido kaɗai ba hujja ba ne, ƙura da rashin barci ma suna kawo shi, sai dai mai jin barci shi ma bai kamata ya ɗauke ka ba. Ba sai da zagi ba: "Malam direba, don Allah tsaya in sauka." Idan mutum ɗaya ya fara, sauran sukan mara masa baya. Asarar kuɗin mota ta fi sauƙi a kan jinyar karaya. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Shugabannin tasha da 'yan kamasho sun san wanda ke zagayawa bayan rumfa kafin layinsa ya zo. Hana shi lodi a ranar taimakonsa ne da na iyalinsa. Mai mota ko mai babur da ke bayar da haya, ka san wanda kake miƙa wa makulli, kada balas ɗin yamma ya rufe maka ido. Jami'an ZAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a Zamfara, da na kiyaye haɗurra su riƙa shiga tasha da faɗakarwa, limamai su sa batun a huɗuba, su tunatar da cewa ko kisan kuskure yana da diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere, balle wanda ya san ya sha ya ɗauki mutane.

Iyayen da ɗansu ya riga ya faɗa, kora da tsinuwa ba sa raba shi da ita. Jaraba cuta ce da ake magani. Ofisoshin NDLEA suna ba da shawara, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato kuma yana karɓar irin waɗannan marasa lafiya.

'Yan jarida da masu fassara labarai, idan za ku ce wata ƙasa ta halatta, ku faɗi me ta halatta, wa ta halatta wa, da abin da ta tanadar wa mai tuƙi. Kai kuma mai waya, kafin ka tura, karanta har ƙarshe.

Ranar da yaronka ya sake cewa Turawa sun halatta, kada ka tsaya musu da shi. Ka ce masa haka ne, wasunsu sun yi, amma a Jamus ɗin da yake misali da ita, da an kama shi a kan sitiyari da ita a jini fiye da ma'auni, da tuni an karɓe lasisinsa. Sannan ka tambaye shi: Talata mai zuwa, idan mahaifiyarsa za ta kasuwar Mafara, zai yarda ta hau bayan wanda ya gama zuƙa?