Ƙunshin mai zuwa Abzin da damina

A zubin makon jiya, uku daga cikinmu sun nemi bashi don su kai haja arewa. Biyu za su Ingal, wurin bikin lasar gishiri da makiyaya ke yi a watan Satumba, ɗaya kuma za ta wuce Agadas ta hau duwatsun Abzin, wurin ɗiyarta da ta kusa haihuwa. An lissafa kuɗin mota, an lissafa na haja, an lissafa abin da za a ɗora wa akwati ranar biya. Da na tambayi abin rufa sai wuri ya kaure da dariya. Wata ta ce, "Haba shugaba, bargo cikin damina? Can ai ƙasar wuta ce, ko ruwan kirki ba su samu."

Ban ga laifinta ba, don ni ma da bakina na faɗi haka shekara huɗu da suka wuce.

A waccan shekarar, bayan mun gama maimai, na ɗauki bashin jikka 30 daga asusunmu na Gidan Amumune. Na sayi garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da gujiya, na haɗa da tabarmin kaba da na saƙa da hannuna. Ƙanwata na aure a wajen Tabelot, inda mijinta ke aikin lambun albasa. Niyyata in gaishe ta, in sayar da kayan miya, in dawo da abin kirki. Tufafina zane biyu ne da mayafi mara nauyi, duk na cusa su cikin buhun haja don kada a ce mini in biya kuɗin kaya biyu.

Daga Tasawa zuwa Damagaram lafiya lau. Daga Damagaram ta Tanut da Adarbisnat zuwa Agadas, tafiyar kusan kilomita 450 ce, zafi kamar a bakin murhu, har ina cewa a raina da na ɗauko bargo da na yi wauta. Bayan Agadas babu kwalta. Mun hau babbar mota a kan kaya, mun yi nisa cikin duwatsu, da la'asar sakaliya sai iska ta taso da jar ƙura, ruwa ya biyo bayanta. Bai daɗe ba, amma ya jiƙa mu sharkaf. Muka tarar da ƙorama ta kawo, direba ya kashe mota ya ce ba mai ƙetarewa sai ta janye. Kwana biyu muka yi a nan.

Daren farko ba zan manta da shi ba. Zanen jikina jiƙaƙƙe, busasshen yana ƙarƙashin buhuna an ɗaure da igiya an ja tamfol, yaron mota ya rantse ba zai kwance ba. Can wajen asuba haƙorana suka fara haɗuwa. Wata dattijuwa Buzuwa da ke kusa da ni ta ɗaga gefen bargonta ta ce da Hausarta, "Ɗiyata, matso. Ke mutanen gero, kun ɗauka rana ita kaɗai ke kisa." Da ba don ita ba, ban san yadda zan wayi gari ba.

Ga lissafin da na kawo wa ma'ajiya da na dawo: bargo da na saya a can jikka 6, maganin tari da zazzaɓi jikka 4, rabin garin kukar ya sha ruwa ya dunƙule na zubar, gujiyar ta fara furfura na sayar da ita a faɗe. Sai da na sayar da akuya na cika bashin. Waɗanda suke nan lokacin sun tuna.

Mu a nan idan an ce damina, dare ma zufa ake yi. Can ba haka ba ne. Garin Agadas kansa wajen mita 500 yake a bisa, amma Dutsen Bagazam ya wuce mita 2,000, kuma akwai ƙauyuka da lambuna a samansa. Duk yadda kika ƙara hawa, sanyi ke ƙaruwa. Iskar can kuma busasshiya ce, ba ta riƙe zafin rana. Da faɗuwarta ƙasa ta fara hucewa. Ingal ba dutse ba ce, fili ne, sanyinta bai kai na bisa ba, amma masu zuwa biki a waje suke kwana, kuma jiƙaƙƙen jiki a cikin iska ba ya tambayar sunan wata. Abu na biyu shi ne ruwa. Yana iya sauka a kan dutse can nesa inda ba kya gani, ke kina ƙarƙashin sama garau, sai ƙorama ta iso da ƙarfinta. A farkon Satumban 2009 haka ƙoramar Telwa ta shiga cikin Agadas ta rushe gidaje masu yawa. Saboda haka mai tafiya a wannan lokaci ta sa a ranta kwanan hanya na iya ƙaruwa.

To, me za a ɗauka? Ni abin da na koya, ba yawan kaya ba ne, inda aka sa su ne. A raba ƙunshi biyu. Buhun haja ya hau bisa mota, wannan sai an isa za ki sake ganinsa. Ƙaramin ƙunshi kuwa ba ya barin cinyarki ko za ki sauka alwala. Cikinsa bargo ko luru, busasshen zane guda, rigar sanyi, safa, duk a naɗe cikin leda biyu a ɗaure baki. Gara tufafi marasa nauyi guda uku da za ki ɗora ɗaya bisa ɗaya da dare, ki tuɓe su ɗaya bayan ɗaya da hantsi, da babbar riga guda wadda ko ki dahu cikinta ko ki ajiye ta gaba ɗaya. Kuma ku saya tun nan. Yanzu ba mai neman rigar sanyi a wurin ƴan gwanjo na Tasawa ko Mayahi, kina iya taya ta yadda kike so. A bakin ƙorama kuwa, ko da kuɗinki, wa zai sayar miki?

Mai goyo ta ninka wannan. Hula da safa na yaro, zanen goyo na canji, da katinsa na rigakafi. Kada a bar gidan sauro wai don arewa ce. Inda ruwa ya kwanta sauro na nan, kuma watannin zazzaɓi ke nan. Man kaɗanya kaɗan don leɓe da dunduniya, su ne ke fara tsagewa. Tocila, da cajin salula cike kafin a bar Agadas.

Guzuri na kwana biyu fiye da lissafinki. Fura ba ta jure hanya, gumba ta fi ta, amma garin rogo da ƙuli-ƙuli da ɗan kilishin Tasawa su ne suka riƙe mutane a motarmu. Bidon na ruwa lita 5 naki na kanki. Ki ƙulla citta da kanumfari da sukari a bakin zane, don duk inda aka tsaya za a hura wuta a ɗora shayi, kuma wadda ta kawo nata ta fi sakin jiki ta miƙa kofi.

Haja ma tana son sutura. Kuka, daddawa, duk abin da ke gari, a zuba a leda kafin buhu, kuma kowane kashi da ledarsa, in ɗaya ta huje sauran su tsira. Tabarmi a naɗe su a waje su zama garkuwa.

Katin ɗan ƙasa da kuɗi ba sa shiga ƙunshi ko wanne, a jiki suke, cikin leda. Shingayen jami'an tsaro suna da yawa a hanyar, kuma kafin ki tashi ki kira wadda za ki wurinta ta gaya miki halin da hanya ke ciki a makon. In kin sayar, kada ki ɗauro jarin asusu duka a lalita. Akwai NITA da Al Izza a Agadas, ki turo wa wadda kika yarda da ita, ki riƙe takardar.

Wata magana kuma dole in faɗe ta ko ba daɗi. Bashin nan na Ingal da Agadas da Abzin ne. In wani ya same ki a tasha ya ce ku zarce ta Arlit zuwa Aljeriya, wai can kuɗi ke zuba, ki tuna watan Oktoban 2013, da mutum 92, yawancinsu mata da yara, suka mutu da ƙishirwa a wannan hamadar bayan motocinsu sun lalace. Akwatinmu ba ya ba da kuɗin waccan hanya.

Na kai wa kwamiti shawara, za a tattauna ta a zubi mai zuwa: a ciri kuɗi daga asusun taimako a sayi barguna biyu da babbar leda guda, su zama na ƙungiya, duk mai tafiya arewa ta ara ta maido a wanke. Ma'ajiya ta ce ita ba ta yarda ba, wai bargon aro ba ya dawowa da ƙafarsa, kuma asusun taimako na ciwo da rasuwa ne. Tana da hujja, sai mu ji ta bakin kowa. Ku ukun da za ku tafi kuwa, ku zo da ƙunshinku ranar, mu kwance shi a gaban tabarma mu gani.