Abin da Tudun Birnin Lafiya Ya Bayyana Game da Tsohon Zama a Kwarin Neja

Tarihin ƙasar Kabi, kamar yadda ake karantar da shi a Maruda da sauran garuruwan Gwandu da Kalgo, yakan fara ne daga Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daularsa a farkon ƙarni na 16 ya gina Surame da ganuwar dutse, sannan ya gangaro zuwa zamanin Abdullahi ɗan Fodiyo da kafuwar masarautar Gwandu. Rubutattun littattafai da bakin maroƙa ba su cika wuce wannan iyaka ba, saboda haka duk mai neman labarin mutanen da suka riga Kanta sai ya koma ga ilimin tona kufai, wato binciken wuraren da aka taɓa zama aka tashi, ta hanyar haƙa ƙasa bisa tsari da nazarin abin da ta adana.

Wani muhimmin wuri da aka yi wa irin wannan bincike kusa da Kabi shi ne Birnin Lafiya, a yankin Dandi na arewacin Jamhuriyar Benin, daura da kogin Neja tsakanin Malanbil da Karimama. Daga 2011 zuwa 2015 wata tawaga ƙarƙashin jagorancin Anne Haour ta Jami'ar East Anglia da ke Ingila, tare da masana na Jami'ar Abomey-Calavi, ta yi aiki a yankin, ta tona wani faffaɗan tudu mai kimanin hekta 26 wanda ya tabbata an zauna a kansa tun ƙarni na 4 har zuwa na 13 na Miladiyya. Tudun ba halittacce ba ne. Ɗakin ƙasa idan ya rushe akan baje shi a yi sabon gini a kansa, toka da juji kuma suna ta taruwa a gefe, har gari ya riƙa hawa bisa ɓaraguzan kansa cikin ɗaruruwan shekaru.

Wannan jerin shimfiɗu shi ne ginshiƙin aikin, domin abin da ke ƙasa ya girmi abin da ke samansa matuƙar ba a hargitsa wurin ba. Shi ya sa masu tonon ke kankare ƙasa kaɗan-kaɗan da cokalin magina, suna tankaɗe ta, suna rubuta zurfin da aka tsinci kowane tsingaro. Gawayin murhu da ƙonannun ƙwayoyin hatsi kuwa ana auna shekarunsu da sinadarin kabon-14, wanda kowane abu mai rai ke ɗauke da shi, kuma rabinsa ke zagwanyewa cikin kimanin shekara 5,730 bayan mutuwa. Tukunyar da mai neman dukiya ya zaro da dare ya sayar, komai kyanta, ta rabu da shimfiɗar da za ta faɗi shekarunta, kuma wannan asara ce da kuɗin cinikin ba ya biya.

Abin da ya fi jan hankali a Birnin Lafiya shi ne daɓen tsingaro, inda aka jera gutsattsarin tukwane ɗaya kusa da ɗaya cikin laka, aka daddale su har suka zama daɓe mai ƙwari, salon da aka san irinsa a Ile-Ife da kuma kewayen tafkin Chadi. Aiki ne na mutanen da suka kafa gida da niyyar daɗewa. Ƙwayoyin da aka tace daga ƙasar, ta hanyar zuba ta a ruwa har ƙonannen hatsi ya taso sama a kwashe, sun haɗa da gero da shinkafa 'yar asalin Afirka, abin da ke nuna cewa noman shinkafar da fadamun Kabi suka yi suna da shi a yau yana da tsohon tushe a wannan kwari.

Tudun Daima na ƙasar Borno, wanda Graham Connah na Jami'ar Ibadan ya tona a 1965 da 1966, ya fi tudun Birnin Lafiya nisan zango, domin zurfinsa ya kai kusan mita 11, an kuma zauna a kansa daga wajen shekara ta 550 kafin Miladiyya zuwa wajen 1150 na Miladiyya. A can ƙasa an sami gatarin dutse da masun kamun kifi na ƙashi, alhali ƙasar firki ce mai baƙar laka wadda sai an ɗauko dutse daga nesa. A shimfiɗun tsakiya ƙarfe ya bayyana, a shimfiɗun sama kuma aka tarar da dawa, da kayan ado na tagulla, da duwatsun wuya na gilashi da na tsakiya waɗanda fatauci ya kawo.