Tsutsar da take bushewa ƙayau amma ba ta mutu ba

Mazauna GRA a Bauchi sun san yadda gari yake sauyawa da zarar ruwan farko ya sauka wajen watan Mayu. Kwatar da ta yi wata shida a bushe sai ta cika da kukan kwaɗi, ramukan da ke kan duwatsun da suka kewaye birnin su tara ruwa, kafin a ankara ƙananan halittu sun fara motsi a ciki. Girkawan dā suna da fi'ilin anabiyo'o, wato a sake rayuwa bayan mutuwa, kuma daga gare shi ne masanin halittu Wilhelm Preyer ya samo sunan anabiyosis a ƙarshen ƙarni na 19 don irin wannan farfaɗowa. Sunan ya wuce gona da iri. Babu abin da ya mutu a ramukan nan balle ya dawo, kuma babbar hujja a kan haka daga arewacin Najeriya ta fito.

A ramukan duwatsun ƙasar nan ne F. L. Vanderplank ya tarar da tsutsar wani ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo. A 1951 H. E. Hinton na Jami'ar Bristol ya yi bayanin ƙwaron, ya raɗa masa Polypedilum vanderplanki. Idan ruwan ramin ya ƙafe, tsutsar takan bushe har ruwan jikinta ya koma kusan kashi 3 cikin 100. Numfashi ya tsaya, motsi ya tsaya, sai ta zama tamkar ɓawon gero a cikin ƙura. A zuba mata ruwa, cikin kamar awa guda ta miƙe ta ci gaba da cin abinci. Hinton ya sa busassun cikin sanyin digiri 270 ƙasa da sifiri, ya sa wasu cikin zafin da ya ɗan haura digiri 100, suka farfaɗo. An samu waɗanda suka motsa bayan shekara 17 a bushe. Daga baya masanan Japan da Rasha sun ajiye su a wajen tashar sararin samaniya ta duniya fiye da shekara guda, da yawansu suka dawo da rai.

Mai musu zai ce ai wannan ita ce mutuwa: abin da ba ya numfashi, ba ya ci, ba ya girma, da me za a kira shi in ba gawa ba? Musun tsoho ne. Tun 1702 da Leeuwenhoek ya jiƙa ƙurar indararon gida a Holan ya ga ƙananan halittu suna iyo a ciki ake ta kai-kawo, har a 1860 wani kwamiti a Paris ƙarƙashin Paul Broca ya zauna a kan batun. Amsar tana cikin yadda tsutsar take bushewa. Tana zaune ne a ɗan bututun da ta gina da laka da yawunta, wanda yake rage saurin fitar ruwa, ya ba ta kamar kwana biyu ta shirya. A cikin kwanakin take tara wani sukari mai suna tirehalos har ya kai kusan kashi 20 cikin 100 na busasshen jikinta, tare da wasu sinadaran furotin, su daskare kamar gilashi su riƙe kowane sashe na ƙwayoyin jikinta a mazauninsa. Idan aka fitar da ita daga bututun aka busar da ita cikin gaggawa, ruwan duniya ba zai tashe ta ba. To ga busassu biyu, ido ba zai bambanta su ba, ɗaya ta farfaɗo ɗaya ta ruɓe. Bambancinsu shi ne tsarin jikin ɗaya yana nan daram, na ɗayar ya wargaje. Wannan wargajewar ita ce mutuwa, kuma babu gwajin da ya taɓa mayar da ita baya. Shi ya sa David Keilin a 1959 ya zaɓi wani sunan da yake nufin ɓoyayyar rayuwa, kuma ya fi Preyer gaskiya. Don haka kuskure ne a haɗa wannan da batun tashin matattu da addini yake magana a kai. Ba hanyarsu ɗaya ba.

Gaiwa da masunta suke haƙowa daga busasshiyar fadama ma ba ta kai nan ba. Tana lulluɓe da majinar jikinta, tana shaƙar iska ta wata 'yar kafa, tana cin tsokar jikinta a hankali har damina ta zo. Rage gudu ta yi. Tsutsar kuwa tsayawa take yi cak, kuma a matakin tsutsa kaɗai: ƙwan ƙwaron da balagaggensa suna mutuwa idan sun bushe.

Fahimtar wannan bambanci tana da amfani a aikace. Da mu'ujizar dawowa daga mutuwa ce, da babu abin koyo a ciki. Tun da dabarar adana tsari ce, ana iya kwaikwayonta, kuma masana suna gwada amfani da tirehalos don ajiye alluran rigakafi da ƙwayoyin halitta ba tare da firji ba, abin da duk asibitin ƙauyen da wutar lantarki take yi wa wasa zai yi maraba da shi. Mafi yawan binciken da ake yi kan tsutsar a Japan aka yi shi, da tsutsotsin da asalinsu daga Najeriya aka ɗebo, alhali irin duwatsun da suke rayuwa a kai suna kusa da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, masu fasa dutse kuma suna cin su kullum don aikin gini.