Ko Kun Sani? Kocin Tanis Mai Kofi 17

Ko kun san cewa koci ɗaya ya ci wa jami'arsa kofin tanis na jami'o'in Amurka har sau 17? Shi ne Dick Gould, wanda ya horar da ƙungiyar maza ta Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya tsawon shekara 38, daga 1966 zuwa 2004. A wannan jami'ar ya yi karatu, kuma ita ya buga wa wasa tun yana ɗalibi. Kofinsa na farko ya zo a 1973, na ƙarshe kuma a 2000.

Manyan 'yan wasa sun bi ta hannunsa. John McEnroe ya shiga Stanford bayan ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Wimbledon a 1977 yana ɗan shekara 18, sannan ya lashe gasar ɗaiɗaiku ta jami'o'i a 1978. Tagwayen nan Bob da Mike Bryan suna cikin ƙungiyar 1998, wadda ta buga karawa 28 ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Matar Gould, Anne, ita ma ta kai ƙungiyar mata ta Stanford ga kofin ƙasa a 1978.

Sirrin Gould shi ne ido wajen zaƙulo matasa masu baiwa, da koya musu wasan kai farmaki: a buga ƙwallo da ƙarfi, a ruga gaban raga, a hana abokin karawa sakat.